Kwana tara muna neman ribar watan Agusta a wani gidan burodi a Jos

A farkon Satumbar 2024 manajan wani gidan burodi da nake riƙe wa lissafi a Jos ya miƙo mini takarda mai layi uku. Layin farko ya ce kasafin Agusta ya ware naira miliyan 28 na kashewa, na biyu ya ce an kashe naira 27,468,000, na uku kuma ya ce an yi tanadin naira 532,000. Manaja yana ta murna, amma asusun banki fayau yake, dillalin fulawa kuma ya aiko yaro har sau biyu kan bashi. Da yamma Alhaji mai gidan ya kira ni, tambaya ɗaya ya yi: "Malam akanta, in an yi tanadi, ina kuɗin?" Kwana tara aka ɗauka kafin a samu amsa, kuma yawancin kwanakin a neman takardu suka tafi, lissafin kansa bai kai yini guda ba. Zan jero matakan yadda suka zo, da alƙalumansu, domin duk wanda wannan aiki ya faɗo wa a gidan burodi, kamfanin ruwan leda ko gonar kaji ya san abin da zai nema da ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Kasafin da manaja ya riƙe tsayayyen kasafi ne, wato wanda aka gina kan adadi ɗaya tak. An ƙiyasta sayar da burodi 30,000 a kan naira 1,000, kuɗin shiga miliyan 30, kashewa miliyan 28, riba miliyan 2. A ƙarƙashinsa akwai katin ma'auni, wanda ke nuna abin da burodi ɗaya ya kamata ya ci. Buhun fulawa mai kilo 50 yana ba mu kwaɓi kilo 80, ana yanka giram 800, sai a samu burodi 100. An sa buhu a kan naira 55,000 har da kuɗin dako, don haka fulawar burodi ɗaya naira 550. Sukari, bota, yis, gishiri da leda naira 180. Aikin masu kwaɓi da gashi minti shida ne kan kowane burodi, awa ɗaya naira 500, ya kama naira 50. Wuta da man janareto naira 60. Jimilla naira 840, rarar da kowane burodi ke bari naira 160. Daga wannan rarar ake biyan kuɗaɗen dindindin na naira miliyan 2.8, irin su haya, albashin ofis da masu gadi. Wanda ba shi da wannan kati kada ma ya fara maganar binciken giɓi, wato bin bambancin da ke tsakanin abin da ma'auni ya ce da abin da ya faru a zahiri, domin ba shi da abin da zai auna da shi. Ya fara zama da shugaban masu kwaɓi da sikeli ya fitar da katin tukuna.

Ranar farko na wuce ofishin ciniki don in san ainihin burodin da aka sayar. Littafi uku ne a can, kuma kowanne da nasa adadin. Littafin tanda ya ce an gasa 26,500. Littafin direbobin da ke kai kaya Tamunus, Farin Gada, Bukur da teburan masu shayi ya nuna abin da aka loda, ba a cire wanda aka dawo da shi ba. Littafin Hajiya kashiya ya nuna kuɗin da ya shigo hannu kawai, babu bashin da ke kan 'yan sari. Sai da muka zauna ni da Hajiya daga ƙarfe goma har la'asar muna bin kwanakin ɗaya bayan ɗaya, sannan muka tsaya kan 26,000 da aka sayar. Ragowar 500 su ne waɗanda aka gasa a daren da gwamnatin Filato ta sa dokar hana fita a Jos da Bukur lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon watan. Motoci ba su fita ba, burodin ya kwana ya sake kwana, aka rabar da wanda ya ciwu, sauran ya tafi wajen masu kiwo. A nan akwai hukuncin da dole akanta ya yanke: kasafin da za a sake ginawa zai hau kan 26,000 masu kyau ne, ba kan 26,500 ba. In aka ɗora shi kan abin da aka gasa, asarar 500 ɗin za ta ɓuya cikin ma'auni kamar ba a yi ta ba. Burodi ba ya zama a sito, shi ya sa adadin ciniki da na aiki suka zo ɗaya a wurinmu. A masana'antar da kaya ke kwana a rumbu, kuɗin aiki yana bin abin da aka sarrafa, kuɗin shiga yana bin abin da aka sayar, kuma haɗa su wuri guda yana ɓata komai tun daga tushe.

Rana ta biyu da ta uku suka tafi wajen raba kashe-kashe gida uku. Akwai masu hawa da sauka tare da yawan aiki, kamar fulawa da leda. Akwai na dindindin, da za a biya ko an gasa ko ba a gasa ba. Sai kuma masu ruwa biyu, kuma a nan gizo ke saƙa. Kuɗin wuta da dizal na gidan burodi ruwa biyu ne: firji, fitilu, famfon rijiyar burtsatse da ɗumama tanda kafin a sa kwanon farko duk suna ci ko da burodi goma za a yi, injin kwaɓi da tsawon gashi kuma suna bin yawan aiki. Don in tabbatar naira 60 da ke kan kati ba ƙiyasin baki ba ne, na nemi takardun kuɗin wuta da rasit ɗin dizal na wata shida. Yini guda da rabi na jira. Wasu rasit suna aljihun direba, wasu cikin durowar manaja, biyu kuma zafin rana ya goge rubutunsu, sai da muka koma gidan man aka duba mana nasu littafin. Hanyar da na bi ita ce ta ɗaukar watan da aiki ya fi yawa da watan da ya fi ƙaranci. A mafi yawa an yi burodi 32,000 an kashe naira 2,620,000. A mafi ƙaranci an yi 24,000 an kashe naira 2,140,000. Bambancin kuɗi 480,000, bambancin burodi 8,000, in ka raba sai naira 60 ta fito kan kowane burodi. Cire 60 sau 32,000 daga 2,620,000, ya rage naira 700,000, wanda shi ne ɓangaren dindindin. Wannan hanya tana da rauni guda da ya kamata a sani: tana ɗauka cewa farashin lita bai motsa ba tsakanin watannin biyu. A ƙasar da farashin dizal ke sauyawa cikin mako, gara a yi lissafin da lita da yunit ɗin mita, sannan a mayar da shi naira a kan farashin yau. Haka kuma kalmar dindindin tana da iyaka. A gidanmu in aiki ya haura burodi 34,000 sai an ƙara rukunin ma'aikatan dare da mai duba su, kuɗin da ake kira tsayayye sai ya yi tsalle lokaci guda.

Gina kasafi mai bin aiki, wato kasafin da aka sake ɗorawa kan adadin da aka sayar a zahiri, wanda shi ne zuciyar lamarin, bai ci mini rabin awa a Excel ba. Kowane kuɗi mai hawa da sauka ana ninka shi da 26,000, na dindindin a bar shi yadda yake. Kuɗin shiga miliyan 26. Fulawa buhu 260, naira 14,300,000. Sauran kayan haɗi 4,680,000. Aiki awa 2,600, naira 1,300,000. Wuta da mai 1,560,000 a tara da 700,000, ya zama 2,260,000. Sauran na dindindin 2,100,000. Jimillar abin da ya halatta a kashe naira 24,640,000, ribar da ya kamata a gani naira 1,360,000. Da na ajiye wannan kusa da naira 27,468,000 da aka kashe, gabana ya faɗi. Tanadin 532,000 ya juye ya zama wuce gona da iri na naira 2,828,000. Ciniki ya kawo naira 27,300,000, wato watan ya ƙare da asarar naira 168,000. Manaja bai yi ƙarya ba, ya dai auna kuɗin burodi 26,000 da mudun burodi 30,000. Layin fulawa ya fi kowanne nuna haɗarin: an ware 16,500,000, an kashe 16,380,000, mai kallo daga nesa zai ce an rage 120,000, alhali an zarce da 2,080,000.

Rana ta huɗu na shiga sito da sassafe, kafin a fara fitar da kaya, domin ƙirga ba ta yiwuwa ana ɗauka ana ajiyewa. Takardun da ake buƙata su ne katin sito na kowane kaya, takardun karɓar kaya daga dillali, da takardun fitarwa zuwa ɗakin kwaɓi. Lissafin amfani shi ne abin da aka buɗe wata da shi, a tara da abin da aka saya, a cire abin da ya rage. An buɗe da buhu 20, an sayo 280. Kati ya ce a daren 31 ga wata saura 30, amma da muka ƙirga abin da ke ƙasa muka mayar da shige da ficen kwanakin Satumba, sai 27 ya fito. Mai kula da sito dattijo ne da ya girmi mahaifina a aiki, na ga fuskarsa ta sauya. Na ce masa, "Baba, ba tuhuma ta kawo ni ba, takarda ce ta ɓace, mu neme ta tare." Ya yi shiru, can ya ce, "To ɗana, tambayi yaran dare." A wani ɗan littafin makaranta da shugaban ma'aikatan dare ke rubutu muka ga buhu uku da aka ɗauka a darare daban-daban bayan Baba ya tashi, ba a cike takarda ba. Ba sata aka yi ba, amma da na yarda da kati da na rubuta 270 maimakon 273, naira 165,000 ta ɓace daga rahoton ba tare da kowa ya lura ba.

Buhu 273 aka ci inda ma'auni ya ce 260. Giɓin amfani buhu 13 ne, ana ninka shi da farashin ma'auni na 55,000, ya ba da naira 715,000 maras kyau. Dalilin amfani da farashin ma'auni a nan shi ne kada a ɗora wa masu kwaɓi tsadar kasuwa, wadda ba su da hannu a ciki. Ruwa ba ya tsami banza, don haka muka bi buhunan. Biyar sun tafi a burodin dokar hana fita. Huɗu danshi ya ci: Agusta a Jos ruwa ne ba dare ba rana, an jera buhunan ƙasa kan siminti jingine da bango, fulawar ta dunƙule ta yi wari. Huɗun ƙarshe suka fi ba ni wahala. Sai da na tsaya a teburin yanka na auna curi 50 a kan sikelin dijital da na aro daga wani kanti, na ga matsakaicinsu giram 812. Tsohon sikelin mai allura ya gaji, yana rage nuna nauyi. Giram 12 ba ya cika tafin hannu, amma sau 26,000 ya zama kilo 312 na kwaɓi, kusan buhu huɗu. A ganina wannan ne mafi muni cikin ukun, domin dokar hana fita ta zo ta wuce, damina ma za ta wuce, shi kuwa sikelin yana nan yana ci kullum, kuma babu wanda zai ce tun yaushe ya fara.

Rana ta biyar ta ofishin sayayya ce. Na tattara takardun kaya guda tara na watan, matsakaicin farashinsu ya kama naira 59,400 kan buhu. Na riga na rubuta giɓin a kan haka kafin in tuna cewa 55,000 na kati ya haɗa da dako da kuɗin masu saukewa, waɗanda ake biya daga ƙaramin asusun kashiya. Da na koma wurin Hajiya muka tara su, suka kama naira 600 kan buhu, farashin gaskiya ya zama 60,000. Duk abin da ke cikin ma'auni dole ya kasance cikin abin da ake gwada shi da shi, in ba haka ba giɓin zai gudu ya ɓuya a wani layi. Giɓin farashi shi ne naira 5,000 sau buhu 273 da aka yi amfani da su, naira 1,365,000. A tara da 715,000 na amfani, 2,080,000 ta cika daidai, kuma wannan cikar ita ce shaidar cewa ba a yi kuskure ba. Wasu gidajen suna lissafa giɓin farashi kan abin da aka saya a ranar saye, wanda ya fi saurin tona matsala. Kowanne aka zaɓa, a tsaya a kansa kowane wata.

Jami'in sayayya ya ce, da gaskiyarsa, shi bai sa wa fulawa farashi ba. Yawancin alkamar da kamfanonin fulawa ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, farashin buhu yake bin dala da kuɗin mota. Don a yi masa adalci na raba giɓin gida biyu. Na zagaya wurin manyan dillalai uku na tambayi abin da mai saye da yawa kuma kuɗi hannu ya biya a Agusta, har da dako, aka tsaya kusa da 59,000. Ke nan naira 4,000 kan buhu, jimilla 1,092,000, laifin ma'auni ne da ya tsufa. Saura naira 1,000 kan buhu, jimilla 273,000, ita ce ta cikin gida, domin an riƙa saye kaɗan-kaɗan kuma bashi, dillali ya ɗora nasa. Ko wannan ma ba a wuyan jami'in kaɗai take ba, ƙarancin kuɗi a hannu ne ya jawo ta. Masu karatun jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, da ɗaliban kwalejin ƙungiyar akantoci ta ANAN da ke Kwall kusa da Jos sun san wannan rabo na giɓin tsari da giɓin aiki a takarda, amma amfaninsa na gaske yana bayyana ne ranar da mutum ke tsaye gaban maigida aikinsa na rawa.

Sauran kayan haɗi ban daɗe a kansu ba. An kashe 4,930,000 a maimakon 4,680,000. Daga cikin 250,000 ɗin, kusan 130,000 tashin farashin sukari da bota ne, sauran ya bi burodin da ya lalace da nauyin da ya wuce.

Rana ta shida na karɓi rajistar shiga da fita ta ma'aikata da takardar biyan kuɗi. An biya awa 2,900 a kan naira 1,508,000, wato awa ɗaya ta kama 520. Giɓin farashin aiki naira 20 sau 2,900, naira 58,000, kuma ya fito ne daga kuɗin ƙarin lokaci da aka biya bayan an sassauta dokar hana fita, ana ƙoƙarin cike kasuwa. Giɓin lokaci awa 300 ne sau 500, naira 150,000. Da an bar shi haka a dunƙule, rahoton zai nuna kamar yaran sun yi lalaci. Rajistar janareto ta nuna cewa awa 180 a zaune aka yi su, ana jiran makaniki a ranakun da wuta ta ɗauke injin kuma ya ƙi tashi. Wannan naira 90,000 kuɗin zaman jira ne, a kan gyaran inji ya kamata ta hau. Awa 50 sun tafi a burodin da ya lalace. Awa 70 da suka rage sanyin Jos ne: in gari ya yi sanyi kwaɓi ba ya tashi da wuri, kuma ɗakin da ake ajiye shi taga ɗaya ta fashe. Ma'aunin minti shida a watan Maris aka ɗauke shi, lokacin zafi. Gidan da ke Jos yana buƙatar ma'aunin zafi daban, na damina da hunturu daban.

Wuta da mai sun ci 2,500,000 a maimakon 2,260,000. Giɓin 240,000 ya fito daga yawan awannin janareto da kuma kunna tanda biyu kowacce rabi a ranakun da ciniki ya ja baya, alhali ɗaya cike ta isa. Kuɗaɗen dindindin sun ƙaru da 50,000 na gyaran janareto.

Rana ta bakwai na koma kan ciniki, inda aka fi yin kuskuren da ke tayar da hankali. Manaja, da ya ga an rasa burodi 4,000, ya ninka da naira 1,000 ya ce an yi asarar miliyan 4. Burodin da ba a gasa ba bai ci fulawa ba, bai ci sukari ba. Abin da aka rasa rararsa ce kawai, naira 160 sau 4,000, naira 640,000, kuma ita ce tazarar da ke tsakanin ribar miliyan 2 ta tsayayyen kasafi da 1,360,000 ta kasafi mai bin aiki. A ɗaya gefen, an ƙara farashi zuwa 1,100 a tsakiyar wata, rabin burodin ya tafi a tsohon farashi rabi a sabo, matsakaici 1,050. Giɓin farashin sayarwa naira 50 sau 26,000, naira 1,300,000 mai kyau. Giɓi mai kyau ma yana buƙatar tambaya. Daga littafin kullum na ga 2,000 cikin burodin da aka rasa sun faɗa a rabin farko na wata, lokacin zanga-zanga. Sauran 2,000 sun zo bayan ƙarin farashi, amma a daidai lokacin makarantu na dogon hutu, sabuwar masara kuma ta cika gari, gasassa da dafaffa a kowace kwana, mutane da yawa da ita suke karyawa. Alƙaluman wata ɗaya ba za su raba waɗannan dalilai ba, don haka na rubuta su a matsayin abin da za a sa wa ido a Satumba in ɗalibai sun dawo.

Rana ta takwas na haɗa komai a shafi guda, domin maigida ba zai karanta shafi goma ba. An fara da ribar kasafi miliyan 2, a cire 640,000 ta raguwar ciniki, a tara 1,300,000 ta ƙarin farashi, a cire 1,365,000 da 715,000 na fulawa, 250,000 na kayan haɗi, 208,000 na aiki, 240,000 na wuta da 50,000 na gyara. Abin da ya rage asarar 168,000 ce, daidai da littafin kuɗi har naira ɗaya. In wannan shafi bai haɗu da littafi ba, kada a shiga taro da shi. A gaban kowane giɓi na sa dalili cikin layi ɗaya da ofishin da ke da ikon gyarawa. Kafin taron na bi kowane shugaban sashe na nuna masa nasa layin shi kaɗai. Wannan ya ci mini yamma guda, amma na sha ganin yadda mutumin da aka kunyata a gaban jama'a ke komawa ya fara gyara takardu maimakon gyara aiki, daga nan kuma alƙaluman gidan ba su da sauran amfani.

An sa taro ƙarfe goma na rana ta tara, Alhaji bai iso ba sai bayan azahar saboda ɗaurin aure. Jiran ya yi mini nauyi, domin na san takardar hannuna za ta rushe murnar mutumin da muke aiki tare kullum. Alhaji ya karanta shafin sau biyu, ya ɗago ya ce, "Wato ƙarin farashin da muka yi, fulawa ce ta cinye shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ta cinye har ta ƙara da 65,000. Amma cikin abin da ya zube akwai wanda ke hannunmu: sikeli, danshi, sayen bashi da janareto." Ya juya ga manaja, ban ji ya ɗaga murya ba, ya ce daga yau kada a sake kawo masa rahoton da ba a gwada shi da adadin da aka sayar ba. A zaman aka amince da sayen sikelin dijital biyu da auna curi goma a farkon kowane rukuni, a buga katakon ɗora buhu a kasuwar Katako a janye buhunan daga bango, a ajiye littafin fitarwa mai kwafi biyu a hannun shugaban dare, a gyara taga, a kuma nemi dillali ɗaya da za a riƙa ɗaukar mota guda a wurinsa. Kuɗin sikeli da katako gaba ɗaya bai kai abin da danshi kaɗai ya ci a watan ba.

Daga wannan zagaye na sauya abubuwa uku a yadda nake aikin. Ba na sake jiran ƙarshen wata a kan fulawa, domin ita ce kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da burodi ɗaya ke ci: kowace Asabar ana ƙirga buhu a gwada da burodin mako, aikin minti ashirin. Ba kowane giɓi ake bi ba, mun sa iyaka cewa sai ya kai kashi 5 cikin 100 na layinsa ko naira 100,000, sai dai in ƙarami ne mai maimaituwa wata uku a jere ta gefe ɗaya, irin na sikeli, wanda shi ma ana binsa. Kasafi kuma tun farko ake shirya shi a mataki uku, burodi 24,000 da 27,000 da 30,000, don maigida ya ga fuskar kowane hali kafin ya zo. Katin ma'auni ana duba shi duk wata uku, ko kuma duk ranar da farashin buhu ya motsa da kashi 5. Ba a taɓa ɓangaren adadi don a rufe ɓarna: buhu yana nan a burodi 100, curi yana nan a giram 800.

Katin Satumba ya fito da fulawa naira 590, kayan haɗi 185, aiki 50, wuta 60, jimilla 885. A farashin 1,100 rarar burodi ɗaya 215 ce, kuma gidan yana buƙatar sayar da kimanin 13,000 kafin ya biya kuɗaɗen dindindin na miliyan 2.8. Manaja ya kawo shawarar a koma naira 1,000 don a dawo da masu shayin da suka koma wani gidan. A wannan farashi rarar ta sauka zuwa 115, sai an sayar da sama da 24,300 kafin a ga naira ɗaya ta riba, kuma ko an cika 30,000 ɗin ribar ba za ta wuce 650,000 ba. Alhaji ya ce a bar shi a 1,100, a fitar da ƙaramin burodi na masu shayi, a kuma yi masa nasa katin ma'aunin kafin a gasa ko ɗaya.